Tambaya: yaushe nuna bambanci ke zama laifin da kotu za ta saurara?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Tambayata ta lauyoyi ce da waɗanda suka san harkar ƙwadago. Kullum ana cewa doka ta hana nuna bambanci, amma idan aka zo aiki da ita sai maganar ta rikice. A ɗauka mata biyu sun nemi aiki ɗaya, takardunsu iri ɗaya, tare suka ci jarrabawar share fage. Ranar ganawa aka lura ɗaya tana da juna biyu, bayan mako guda aka kira ɗayar. Ba wanda ya ce mata saboda cikin ne, an dai rubuto mata cewa an samu wadda ta fi dacewa. Haka nan idan dalilin ƙabila ne, ko addini, ko naƙasa. Shin wannan ya kai abin da kotu za ta saurara, ko takaici ne kawai da mutum zai haɗiye? Da me ake tabbatar da shi tunda mai yin ba zai amsa ba? Ina ake kai kuka, kuma akwai wa'adi? Allah ya saka da alheri.

Barista

Wa alaikumus salam, Malam. Doka ba ta hukunta abin da ke cikin zuciya. Mutum zai iya ƙin wata ƙabila, ya kwana da ƙiyayyar ya tashi da ita, babu alƙalin da zai taɓa shi. Ranar da ƙiyayyar ta fito ta zama aiki, aka hana wani gurbin aiki, ko gidan haya, ko ƙarin girma, ko magani a asibiti, ranar ce doka ke shigowa. Kuma kishiyar wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce mutane ke mamaki: wanda ba ya ƙin kowa zai iya faɗawa laifin. Shugaban da ya cire sunan mai shayarwa daga jerin masu tafiya kwas don yana tausaya mata, ba tare da ya tambaye ta ba, ya nuna mata bambanci a idon doka duk da kyakkyawar niyyarsa.

Abubuwa uku kotu ke nema. An yi maka abin da ya cutar da kai. An yi wa wani da ke matsayi irin naka abin da ya fi wannan, ko da shi ne da an yi masa. Sannan dalilin bambancin yana cikin dalilan da doka ta lissafa. A wannan na ukun ne ƙasashe suka sha bamban. Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1958, ta ambaci asalin jinsi, launin fata, zama mace ko namiji, addini, ra'ayin siyasa, asalin ƙasa da asalin zuriya. Dokar 'yancin jama'a ta Amurka ta 1964 biyar ta ɗauka a fagen aiki, kuma ba ta hawa kan mai ma'aikata ƙasa da 15. Shekaru sai a 1967 aka yi musu tasu dokar, ita ma ɗan shekara 40 zuwa sama take karewa, naƙasa kuwa sai 1990. Birtaniya ta tattara nata guda tara a dokar daidaito ta 2010. Saboda haka maigidan da ya kori ma'aikaci don kawai jininsu bai haɗu ba ya yi zalunci, amma ƙofar ƙarar tasa daban ce, ta kora ba bisa ƙa'ida ba. Wanda ya shigar da irin wannan da sunan wariya zai faɗi, ba don ba a cuce shi ba.

Misalin da ka kawo yana da wani tarko. Kamfanin zai ce, ai mace muka ɗauka, ina maganar wariyar mata? Kotun Tarayyar Turai ta toshe wannan hanya tun 1990 a shari'ar Dekker, wadda ta taso daga ƙasar Holan. Ta ce ƙin ɗaukar mace saboda ciki wariya ce kai tsaye a kan jinsi, domin mace kaɗai ke yin ciki, ko da duk masu neman aikin mata ne, kuma tsoron asarar kuɗi lokacin hutun haihuwa ba uzuri ba ne. Amurka ta riga ta gyara dokarta a kan haka a 1978. A dokar Birtaniya ta 2010 mai ciki ba ta ma buƙatar nuna wanda za a kwatanta ta da shi.

Wannan ita ce wariya ta kai tsaye. Wadda ta fi yawa, kuma ta fi wuyar ganewa, ita ce ta kaikaice: a kafa ƙa'ida ɗaya ga kowa, amma a aikace ta tace wasu mutane ta bar wasu, kuma aikin ba ya buƙatarta. Tushenta a shari'a shi ne hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1971 a shari'ar Griggs da kamfanin wutar lantarki na Duke Power. Kamfanin ya shar'anta takardar gama sakandare da wasu jarrabawoyin auna fahimta kafin a shiga sassan da suka fi albashi. Baƙaƙen fata, waɗanda aka daɗe ana ware su a makarantu marasa inganci, su sharaɗin ya fi zubarwa, alhali fararen da aka ɗauka kafin sharaɗin suna aikin lafiya lau ba su da takardar. Kotu ta ce ba sai an tabbatar da mugun nufi ba, sai dai kamfanin ya nuna sharaɗin yana da alaƙa da aikin. A 1977 aka soke sharaɗin tsayi ƙafa 5 da inci 2 da nauyin fam 120 ga masu neman aikin gandirobobi a jihar Alabama da wannan hujjar, don ya fi kawar da mata. Idan ƙarfi ake so, a gwada ƙarfin.

Akwai ma'aunin da hukumomin Amurka suka fitar a 1978, na huɗu bisa biyar. A ce maza 100 suka zauna jarrabawa 60 suka ci, wato kashi 60. Mata 50 suka zauna 20 suka ci, kashi 40. Raba 40 da 60, za ka samu kusan 0.67. Tunda bai kai 0.8 ba, alama ta nuna jarrabawar na tace mata, sai a nemi bayani. Wannan ma'aunin fara bincike ne, shi kaɗai ba ya cin shari'a, kuma idan mutanen ba su da yawa, kamar goma ko sha biyu, mutum ɗaya zai iya juya lissafin.

Kada a manta doka ta bar ƙofa ga sharaɗin da aikin kansa ya wajabta. Yarjejeniya ta 111 ta faɗi haka a fili. Wurin ibada zai iya cewa mai jagorantar ibada sai mabiyin addinin. Abin da ba ya karɓuwa shi ne cewa abokan ciniki ne ba sa son ganin irin su wane.

Jami'ar Ƙwadago

Barista ya gama da ɓangaren ma'ana, Allah ya ƙara basira. Ni zan tsaya kan hujja da wa'adi, domin a nan ƙararraki masu gaskiya ke mutuwa.

Malam, ka ce mai yi ba zai amsa ba. Masu tsara doka sun san da haka, shi ya sa ƙasashe da yawa suka raba nauyin kawo hujja gida biyu. Mai ƙara ya kawo abin da zai sa mai hankali ya yi zargin wariya: ta cancanta, an ƙi ta, an ɗauki wadda ba ta fi ta ba, kuma abin ya faru bayan an ga cikin. Daga nan nauyi ya koma kan mai ba da aiki ya faɗi dalilinsa. A Amurka tsarin ya fito daga shari'ar McDonnell Douglas ta 1973, inda bayan kamfani ya faɗi dalili, mai ƙara zai dawo ya nuna dalilin fakewa da guzuma ne a harbi karsana. Sashe na 136 na dokar Birtaniya ya fi wannan matsa wa kamfani, don shi sai ya tabbatar ba wariya ba ce. Afirka ta Kudu ma haka, idan dalilin yana cikin jerin da dokarta ta 1998 ta lissafa.

Abin da ke karya dalilin ƙarya yawanci canza magana ne. A wasiƙa an ce an samu wadda ta fi dacewa, a wajen sulhu an ce ta makara ranar ganawa, a kotu an ce gurbin ne aka soke. Dalili uku a kan abu ɗaya, alƙali zai tambayi wanne ne na gaskiya. Don haka mataki na farko, tun ranar da wasiƙar ta zo, a rubuta musu cikin ladabi a nemi dalili a rubuce, da makin da aka samu a ganawar. Kada a ambaci ƙara, kada a yi zagi. Amsarsu ta farko ita za ta ɗaure su daga baya.

A ranar kuma a zauna a rubuta abin da ya faru: kwanan wata, lokaci, su wa ke cikin ɗakin, tambayoyin da aka yi da kalmomin da aka yi su da su. Tambaya irin "wa zai riƙe miki yaro?" ko "wata nawa ne?" ta fi takarda goma daraja, amma bayan wata shida babu mai tuna yadda aka furta ta. A tura rubutun ta imel zuwa adireshin kai, ba na ofis ba, don kwanan watan ya tsaya. A ɗauki hoton tallar aikin kafin a cire ta daga intanet, saboda sau da yawa sharuɗɗan da ke cikinta ba su ne ake karantawa a kotu ba. Wanda yake cikin aikin ya adana takardun auna ƙwazonsa na shekarun baya. Ma'aikaciyar da shekara huɗu ana yaba mata, sai mako biyu bayan ta sanar da ciki takardun tuhuma suka fara sauka, jerin kwanakin nan kaɗai hujja ne.

Kurakuran da suka fi ɓata shari'a kuwa, na farko ajiye aiki cikin fushi. Wanda aka kora, kamfani ne zai yi bayani. Wanda ya tafi da kansa, shi zai tabbatar an matsa masa har zama ya gagara, kuma wannan tudu ne mai wuyar hawa. Sai kwashe takardun sirrin kamfani ko bayanan albashin abokan aiki zuwa gida, wanda ke ba kamfanin dalilin kora na halal bayan da ba shi da shi. Takardun da ke hannunsu lauya ne zai sa kotu ta umarce su su fito da su. Naɗar murya a ɓoye ma a yi hattara: a Jamus laifi ne, a jihar Kalifoniya sai da yardar duk masu maganar, wasu wuraren kuma an yarda. A tambayi lauya kafin a danna. Haka zuba labarin a Facebook da sunayen mutane, yana buɗe ƙofar ƙarar ɓata suna.

Sai takardar sallama da ake miƙowa tare da ɗan kuɗi. Yawanci akwai layin da ke cewa mai sa hannu ya yafe duk wata ƙara. A Birtaniya irin wannan yafiya ba ta aiki sai mai ba da shawara mai zaman kansa, kamar lauya, ya duba ta. A Amurka ɗan shekara 40 zuwa sama yana da kwana 21 na tunani da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu. Inda babu irin wannan kariya, sa hannun na iya zama ƙarshen magana.

Wa'adi shi ne babban makashi. A Amurka kwana 180 ne a kai ƙorafi hukumar EEOC, mai kula da ƙorafin wariya a wurin aiki, ya zama 300 idan jihar tana da tata hukumar, kuma bayan hukumar ta ba da takardar izinin ƙara, kwana 90 ne a shiga kotu. Dokar Birtaniya ta 2010 ta zo da wata uku saura kwana ɗaya, kuma sai an fara bi ta hukumar sulhu ta Acas. Afirka ta Kudu wata shida. Abin da mutane ba su sani ba, kai ƙorafi a cikin gida, wato ofishin kula da ma'aikata, ba ya tsayar da ƙidayar kwanakin nan. Kamfani zai yi ta cewa kwamiti na zama, a ƙara haƙuri, har wa'adi ya wuce. A kai ƙorafin cikin gida a rubuce, domin shi ke kafa hujjar cewa an sanar da su, kuma shi ke jawo kariyar doka daga bita-da-ƙulli, amma a riƙa ƙirga kwanaki daga ranar da abin ya faru. Shari'ar Lilly Ledbetter ta 2007 darasi ce: shekaru ana biyanta ƙasa da maza, Kotun Ƙolin Amurka ta ce ta makara, sai da majalisa ta gyara dokar a 2009 ta ce kowane albashi na wariya yana sabunta wa'adin.

Maganar bita-da-ƙulli tana da muhimmanci. Hukunta mutum don ya yi ƙorafin wariya, ko don ya ba da shaida ga abokin aiki, laifi ne mai zaman kansa a dokokin Amurka da Birtaniya. Ana iya faɗuwa a ƙarar wariyar a ci ta bita-da-ƙullin, muddin ƙorafin farko da zuciya ɗaya aka yi shi.

Mai Neman Sani

Na gode, Barista. Na gode, Hajiya, Allah ya saka. To a ƙasar da ba ta da doka guda ɗaya da ta tattara komai, sai dai wani sashe a kundin tsarin mulki, kamar Najeriya, shin sashen yana hawa kan kamfani mai zaman kansa, ko gwamnati kaɗai yake ɗaurewa?

Barista

Tambaya ce mai kyau, kuma a nan lauyoyi da kansu ke kuskuren kotu. Sashe na 42 na kundin 1999 ya ambaci al'umma, ƙabila, wurin asali, jinsi, addini da ra'ayin siyasa, ƙaramin sashe na 2 ya ƙara yanayin haihuwa. Lura da abu uku a lafazinsa. Ɗan ƙasa yake karewa, baƙo ba ya ciki. Naƙasa da shekaru ba sa cikin jerin. Sannan ƙaramin sashe na 1 yana magana ne a kan doka da matakin gwamnati na zartarwa ko na gudanarwa. Da shi Kotun Ƙoli ta soke al'adar hana 'ya mace gadon mahaifinta a shari'ar Ukeje ta 2014, domin al'adar da kotu ke aiki da ita doka ce. Ƙarar take haƙƙi irin wannan ana kai ta babbar kotu ƙarƙashin sashe na 46, kuma ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun cire mata wa'adi.

Idan maganar aiki ce, ko a kamfani ko a gwamnati, hanyar ita ce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Gyaran kundin na 2010 ya sa sashe na 254C, wanda ya ba ta hurumin sauraron wariya da cin zarafi ta hanyar lalata a wurin aiki, ya kuma ba ta damar aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasar ta amince da su. Wannan babban abu ne, domin a ƙa'idar sashe na 12 yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka sai majalisa ta mayar da ita. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 111 a 2002, saboda haka lauya zai iya kafa hujja da ita a wannan kotun. Wanda ya kai rikicin aiki babbar kotun jiha zai iya ɓata shekara ana jayayya a kan hurumi kafin a taɓa gundarin maganar. Idan hukumar gwamnati ce ake ƙara, a shigar kafin wata uku, domin dokar kare jami'an gwamnati ita ce abin da lauyoyinsu ke fara ɗagawa.

Ga mai ciki da ta riga ta shiga aiki, sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba da mako 12, shida kafin haihuwa shida bayanta, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida a aikin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, kuma ya hana ba ta takardar kora tana cikin hutun. Sai dai ma'anar "ma'aikaci" a wannan dokar ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, su takardar yarjejeniyar aikinsu da Kotun Ma'aikata ne madogararsu.

Bambancin da ke tsakanin laifin gwamnati da na mutum ya fito a fili a shari'ar Hadijatou Mani da Jamhuriyar Nijar, wadda kotun ECOWAS ta yanke a Yamai a watan Oktoba 2008. Kotun ta ce wariyar da aka yi mata aikin wanda ya bautar da ita ne, amma ta kama gwamnati da laifin kasa kare ta daga bauta, duk da dokar 2003 da ta haramta bautar, ta kuma ba ta diyyar sefa miliyan 10. Wannan kotun ba ta shar'anta sai an gama da kotunan gida ba, amma gwamnatoci ake kai mata, ba kamfanoni ba.

Mai Fafutukar Masu Buƙata Ta Musamman

Ranka ya daɗe Barista, ina da ƙari a kan abu na biyu da ka lissafa a farko, wato kwatantawa da wani. A kan naƙasa wannan ma'aunin bai isa ba. Idan aka ba makaho da mai gani takardar jarrabawa iri ɗaya, an yi musu abu ɗaya, kuma an kori makahon tun kafin a fara. Shi ya sa yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta ce ƙin yin gyaran da ya dace shi kansa wariya ne. Mai ba da aiki ba shi da mafita sai ya nuna gyaran ya fi ƙarfinsa, kuma ana auna wannan da girmansa. Abin da za a yafe wa mai ma'aikata biyar ba za a yafe wa banki ba.

Yawancin gyare-gyaren ba kuɗi ne ke hana su ba, rashin tambaya ne. Canza lokacin shigowa ga mai zuwa wankin ƙoda, mayar da ofishin mai keken guragu hawa na ƙasa, ƙarin lokaci a jarrabawa, mai fassara da yaren kurame ranar ganawa. Manhajar NVDA da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta kyauta ce, amma takardar da aka ɗauki hotonta aka turo tana ba ta wahala, gara a turo rubutun kansa. Wannan ƙaramin kuskure ya hana mutane da yawa cike fam.

Gangaren shiga gini shi ne inda ake yawan yin aikin ganin ido. Ma'aunin dokar Amurka shi ne 1 bisa 12: kowane santimita ɗaya na tsayi yana buƙatar santimita 12 na tsawo. Dandamali mai tsayin santimita 60 yana buƙatar gangare mai mita 7.2. Abin da ake zubawa a gefen matakala mai mita biyu, mai keke ba zai iya hawa shi kaɗai ba, idan ya zo saukowa kuma haɗari ne. Ƙofa tana buƙatar fili na kusan santimita 81 idan an buɗe ta, kuma gangaren da ya kai mutum cikin ginin da bayan gidansa ba ya shiguwa bai gama aiki ba.

Dokar Najeriya ta 2018 kan masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta cike giɓin da sashe na 42 ya bari. Ta sa tarar naira miliyan 1 ga kamfani, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, ta kuma ware kashi 5 na guraben aiki a hukumomin gwamnati. Jamus ma kashi 5 ta sa, a kan duk mai guraben aiki 20 zuwa sama, wanda bai cika ba sai ya biya wani kuɗi a madadin haka. Tarar da dokar Najeriya ta sa ba ta hana wanda aka cuta neman diyya.

Shawara ga mai neman gyara: ya rubuta, ya faɗi abin da ke hana shi aikin da abin da zai warware matsalar. Ba dole ya zube duk tarihin lafiyarsa ba. Dokokin Amurka da Birtaniya sun hana tambayar lafiya kafin a yi wa mutum tayin aiki, in ban da 'yan wurare ƙalilan, dokar Najeriya ta 2014 kuma ta hana mayar da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki sharaɗin ɗaukar aiki.

Malamin Bincike

Hajiya ta yi bayanin hujja ga wanda yake da wasiƙa a hannu. To a neman gidan haya ko aika takardun neman aiki, yawanci babu wasiƙa, shiru ne kawai, ko a ce an riga an bayar. A nan akwai hanyar gwaji da mutum biyu. A wani bincike da aka wallafa a 2004, Bertrand da Mullainathan sun aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, suna canza sunan mai nema kawai. Masu sunayen da aka fi sani da fararen fata sun samu kira fiye da sauran da kusan kashi 50 cikin ɗari.

Kotuna na karɓar irin wannan a wasu ƙasashe. Kotun Ƙolin Amurka ta yarda a 1982, a shari'ar Havens, cewa mai gwajin da aka yi wa ƙaryar babu gida yana da ikon ƙara ƙarƙashin dokar gidaje ta 1968. Faransa ta sa shi cikin kundin laifukanta a 2006, kuma a can nuna bambanci wajen aiki ko ciniki na jawo ɗaurin shekara uku da tarar yuro 45,000.

Gwajin yana lalacewa idan aka bar bambanci fiye da ɗaya. Masu gwajin su zo daidai a shekaru, aiki, kuɗin shiga da yawan iyali, har ma a ɗan fifita wanda ake zargin za a ƙi, don kada a samu abin fakewa. Shi zai fara zuwa, ɗayan ya biyo bayan awa ɗaya ko biyu. Idan aka juya tsarin, mai gidan zai ce tsakanin zuwan biyun ne aka kama gidan. Kowannensu ya rubuta abin da aka faɗa masa nan take, kafin su haɗu su yi magana. Gwaji ɗaya ba ya isa, a maimaita da wasu mutanen a ranaku daban. Kuma kada a ƙirƙiro takardar shaidar makaranta ko a sa hannu a yarjejeniyar haya da sunan da ba na gaskiya ba. A tsaya a matakin tambaya, kuma ya fi kyau ƙungiya ko hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta jagoranci aikin tare da lauya.

Abu ɗaya ga matar da ke cikin misalin Malam: ta ci gaba da neman aiki a wasu wurare, ta adana kowace takarda da ta aika da amsar da ta samu. Kotu na rage diyyar albashin da aka rasa idan kamfani ya nuna mai ƙara ta zauna jiran hukunci. A Amurka kuma diyyar ɓacin rai da ta ladabtarwa a ƙarƙashin dokar 1964 tana da iyaka, dala 50,000 ga kamfani mai ma'aikata 15 zuwa 100, har zuwa dala 300,000 ga mai fiye da 500, saboda haka lissafin albashin da ta rasa wata-wata shi ne abin da lauyanta zai fara nema a wajenta.